Sennheiser HD 600 a Zangon Kumasi: abin da kunnena ya ji cikin wata takwas

Aikina shi ne kwashe tsofaffin kaset-kaset na tafsiri da wa'azi da karatun malamanmu na Zango zuwa kwamfuta, in tace su, in raba su kashi-kashi, sannan in mayar wa iyalan malaman ko almajiransu a cikin abin da wayar hannu za ta iya buɗewa. Ina yin wannan aiki a wani ɗan ɗaki a unguwar Aboabo da ke Kumasi, kuma akwai ranar da nake shafe awa biyar ko shida hedifon yana kaina. Wanda yake irin wannan zama bai damu da kwalliyar kwali ko hasken talla ba. Tambayoyinsa biyu ne, wato ko abin zai bar kansa da kunnuwansa su huta, kuma ko zai faɗa masa gaskiyar abin da ke cikin kaset ɗin. A kan waɗannan biyun na auna Sennheiser HD 600, wanda ƙanena da ke zaune a Hambog ya riƙo mini lokacin da ya zo Babbar Sallah.

Wannan hedifon ba sabon shiga ba ne. Ya fito kasuwa a 1997, kuma har yau ana ƙera shi ba tare da an sauya ainihin tsarinsa ba, abin da ba kasafai ake gani ba a kayan lantarki, inda abin bara yake zama tsohon yayi bana. Kamfanin na Jamus ne, Fritz Sennheiser ya kafa shi a 1945 a kusa da birnin Hanoba, kuma su ne suka fara fitar da hedifon mai buɗaɗɗen baya a 1968, wanda suka sa wa suna HD 414. HD 600 jikan wancan ne. Farashinsa ya daɗe yana kewaye da dala 400, kuma duk wanda ya juya wannan zuwa sidi, kuɗinmu na Gana, ya san ba kuɗin da ake fitarwa da wasa ba ne.

Wanda ya ɗauke shi a hannu karo na farko zai iya jin kamar an cuce shi, domin yawancin jikinsa roba ce, babu katako mai sheƙi, babu fata mai ƙamshi. Sai an zauna da shi ake gane hikimar. Nauyinsa kimanin giram 260 ne ba tare da igiyarsa ba, alhali akwai manyan hedifon masu tsada da suka haura rabin kilo, waɗanda bayan awa ɗaya wuya ke fara ƙorafi. Bayan kowane kunne raga ce ta ƙarfe wadda ake hango injin sautin ta cikinta, matasan kunnen kuma soso ne da aka lulluɓe da yadi mai laushi irin karammiski, masu siffar ƙwai, masu faɗin da kunne ke shigewa ciki gaba ɗaya ba tare da an danne shi ba. Igiyar tana da tsawon mita uku, tana cirewa daga kowane ɓangare, kuma tana zuwa da ƙaramin kai na milimita 3.5 da babban kai na 6.3 da ake ɗorawa a kansa. Abin da ya fi burge ni a ƙirar shi ne kusan kowane sashe yana fita da hannu, ba tare da sukundireba ba, matasai da igiya da soson saman kai duka, ta yadda abin da ya tsufa ake sauya shi kaɗai.

Maganar yadin nan tana da muhimmanci a garinmu fiye da yadda mai ƙera shi zai yi tsammani. Kumasi gari ne mai laima, damina biyu muke yi a shekara, kuma a watannin Fabrairu da Maris zafi kan sa mutum gumi ko yana zaune wuri ɗaya. Hedifon ɗin da na yi amfani da shi kafin wannan, na wani kamfani dabam, matasansa fatar roba ce, kuma bayan rabin awa sai in ji kunnuwana kamar an rufe su a tukunya. Bai cika shekara biyu ba fatar ta fara saɓulewa, tana bar mini baƙin ɓarɓashi a kumatu da wuyan riga. Da yadin karammiski da buɗaɗɗen baya, iska tana ratsawa, gumi ba ya taruwa, kuma na sha zama daga bayan Azahar har aka kira La'asar ban ji bukatar cire shi don kunne ya sha iska ba.

Sabonsa yana da riƙo, gaskiya ne, yana kama gefen kai da ƙarfi a makonnin farko, musamman ga mai sa tabarau kamar ni. Riƙon yana sassautawa da kansa idan an yi haƙuri. Wanda ya ƙosa yana iya zaro ƙarfen da ake daidaita tsawo da shi ya ɗan tanƙwara shi waje a hankali, amma kada ya kuskura ya tanƙwara robar saman kai, domin ita ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi. Hula kuwa sai an cire ta ko a sa mai laushi wadda take kwanciya.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A duk abin da na taɓa sa wa kunnena, ban ji wanda ya riƙe amanar muryar ɗan Adam kamar wannan ba. Sautin da ake ji ya kasu uku, akwai na ƙasa mai kauri, akwai na sama mai siriri, akwai kuma na tsakiya inda murya take zaune, kuma yawancin hedifon na kasuwa suna kumbura ƙasa da sama don su burge mai saye a minti biyun farko, sai murya ta koma baya kamar mai magana daga ɗaki na gaba. HD 600 yana ajiye murya a gabanka daidai girmanta. Ga mai aiki da Hausa da Larabci wannan ba ƙaramin abu ba ne. Harshenmu yana rarrabe ma'ana da abubuwa masu laushi, tsawon wasali da hawa da saukar murya da bambancin ka da ƙa ko da da ɗa, kuma a tsohon kaset da ya sha laima waɗannan su ne suke fara dushewa. Da wannan hedifon ina jin ɗan ƙarar da maƙogwaro ke yi a kan ƙa, ina jin inda sadi ya rabu da sin a bakin mai karatu, ina jin gunna tana fita ta hanci da tsawon da aka ja madda, har da numfashin da malami ke ja kafin ya shiga aya mai tsawo. Akwai wuraren da a da nakan maimaita sau biyar ina ƙoƙarin gane kalma, yanzu sau ɗaya ko biyu ya wadatar.

Ba ya kuma rufa wa kowa asiri. Idan kaset yana da shuu ɗin nan na tsufa, zai kawo maka shi. Idan wanda ya ɗauki karatun ya jona rikodarsa da wutar gida har gunjin lantarki ya shiga, wannan gunji mai kauri da ke bin bugu 50 a daƙiƙa na wutar Gana, za ka ji shi kwance a ƙarƙashin muryar. Mai neman nishaɗi kawai zai iya ganin haka a matsayin takura, amma ni abin da nake nema ke nan, domin ba na iya cire dattin da ban ji ba.

Wata rana wani dattijo daga Asawase ya kawo mini kaset uku na tafsirin malaminsa, wanda ya rasu da daɗewa. Da na gama tace na farko na ce masa, "Baba, ku sa wannan ku ji ko na taɓa muryar Malam." Ya cire hularsa, na ɗora masa, ya yi shiru na tsawon lokaci yana kallon ƙasa. Da ya cire sai ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka, haka yake magana, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fassara." Ya nemi in mayar masa farkon ya sake ji. Na san aikin tacewar nawa ne, amma na san kuma da wancan tsohon hedifon nawa da ban bar wannan tarin a wurinsa ba, da na ɗauke shi hayaniya na goge.

A ɓangaren kiɗa ma yana da daɗi ƙwarai a inda kayan kiɗan suke kusa da murya. Goge yana fitowa da kaushin tsarkiyarsa ba tare da ya soki kunne ba, kalangu kuma ana jin yadda sautinsa ke hawa da sauka yayin da makaɗi ke matse tsirkiya a hammata, kamar mai magana. Jita da ƙahonin tsohon kiɗan hailaif suna zama kowa a wurinsa. Inda ƙarfinsa ya ƙare shi ne can ƙasa sosai. Manyan gangunan fadar Asante, irin fontomfrom, waɗanda idan ana kaɗa su a fili mutum yake jin su a ƙirji, a nan ana jin bugunsu da fatarsu sarai amma ba a jin girgizar. Matashin da ya saba da kiɗan zamani mai dukan ƙirji zai ce abin ba shi da nama. Haka kuma filin sautinsa ba mai faɗi ba ne, makaɗan suna tsaye kusa da kai, ba a baje suke kamar a dandali ba. Babban yayansa HD 800 S, wanda kuɗinsa ya haura dala 1,500, shi ne ya yi suna da wannan faɗin, amma a wajen murya ban ga abin da zai sa in yi kwaɗayinsa ba.

Buɗaɗɗen bayan da ke ba shi iska da sakin sauti shi ne kuma babban sharaɗinsa. Ba ya tare komai. Ƙarar pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, a titi, injin niƙa na maƙwabta, yara masu dawowa daga makaranta, jirgin da ke sauka a filin jirgin sama da ke kusa da mu, duk suna shigowa kamar babu komai a kunne, kuma abin da kake ji shi ma yana fita, wanda ke gefenka zai ji. Saboda haka na mayar da aikin da ke bukatar natsuwa zuwa bayan sallar Asuba da bayan Isha'i. Wanda yake son abin da zai sa a cikin trotro, wato ƙaramar motar haya, ko a tsakiyar kasuwar Kejetia ya nemi mai rufaffen baya, wannan na ɗaki ne.

Sharaɗi na biyu shi ne wuta. Turjiyarsa ga wutar lantarki om 300 ce, alhali ƙananan abin kunne da ake sayarwa tare da waya yawanci 16 ne ko 32, ma'ana yana bukatar a tura masa lantarki da ƙarfi kafin ya buɗe. Wayar hannu za ta sa shi magana, amma a raunane, ƙasan sautin ya yi laushi, kamar an sa doki mai ƙarfi a turke. Da na haɗa shi da ƙaramar amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, sai komai ya miƙe. Shawarata ga ɗan Kumasi ita ce ya nemi amfilifayar da ke shan wuta daga kwamfutar tafi-da-gidanka ko mai batirin kanta, domin ranar da dumsor, wato ɗauke wuta, ta zo aiki ba zai tsaya ba, kuma hawa da saukar wutar gida ba za su taɓa ta ba. Wannan ƙarin kuɗi ne da ya kamata a lissafa tun kafin a saya. A kuma kula da ƙarar, domin sauti mai tsabta ba ya gajiyar da kunne da wuri, sai mutum ya yi ta ƙarawa bai sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da iyakar ƙarar sauti ta desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma mai sana'a irin tawa yana cinye waɗannan awoyi cikin sauƙi.

Lokacin hunturu na ga abin da ƙura ke iya yi. Yadin yana kama ta, ragar kuma tana barinta ta shiga, don haka na ɗinka masa jakar yadi mai zuge, kuma duk ƙarshen mako nakan bi matasan da busasshen burushi mai laushi. Soso kowane iri ne yana kwanciya da daɗewa, kuma idan matasan suka kwanta kunne yana matsowa kusa da injin, sautin ya sauya, ya ƙara duhu. Tun da irin waɗannan kayan gyara ba abin da ake tsinta a kowane shago a Adum, cibiyar kasuwancin garinmu, ba ne, na riga na roƙi ƙanena ya riƙo mini matasai biyu da igiya ɗaya idan zai dawo.

Ga mai tace karatu, da mai haɗa shirin rediyo, da mai koyon tajwidi da ke son jin mafitar kowane harafi daga bakin ƙwararren makaranci, da duk mai ɗakin da zai iya rufewa ya saurara a natse, ina ganin kuɗin nan ba asara ba ne, kuma da za a ce in sake zaɓa shi zan sake ɗauka. Sauran kaset biyu na dattijon nan na Asawase suna kan teburina, kuma na yi masa alkawarin gama su kafin azumi.