Ledar Gyaɗar Masu Tamowa: Ra'ayin Mai Raba Ta Kullum

Da za a ce in zaɓi abu guda cikin kayan aikinmu wanda in ya yanke gara mu kulle ƙofar cibiya, ba sai na yi dogon tunani ba. 'Yar ledar nan ce mai launin ja da fari, Plumpy'Nut, wadda ma'aikata ke kira RUTF, wato abincin jinya da ake ci kai-tsaye, iyaye mata kuma suka fi sani da maganin tamowa. Ni jami'ar kula da abincin yara ce a shirye-shiryen agaji. Na fara da sansanonin 'yan gudun hijira a Borno, yanzu ina yankin Katsina, kuma da wuya gari ya waye har ya faɗi ban yage bakin ledar nan da hannuna ba. 'Yan uwa da ƙawaye na yawan tambayata ko da gaske tana aiki, wasu kuma so suke in samo musu saboda ɗansu "ba ya ƙiba". Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na sani a kanta, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ke cikinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce, da garin madara, da sukari, da mai, sai sinadaran bitamin da ma'adanai da aka auna daidai da buƙatar jikin da yunwa ta cinye. Kowace leda giram 92 ce, tana ɗauke da kalori 500. Ɗanɗanonta ya yi kusa da dakuwa mai laushi wadda aka cika wa sukari da madara. Wani likitan Faransa, André Briend, shi ya ƙirƙiro ta tare da kamfanin Nutriset a 1996. Kafin nan, wata madarar jinya da ake kira F-100 ake amfani da ita, wadda sai an dama da ruwa mai tsafta, sai kuma an sha nan take, domin in ta jima ƙwayoyin cuta sun samu wurin zama. Ke nan dole a kwantar da yaro a asibiti na makonni, uwarsa na gefensa, ta bar gona da sauran yara a gida. Uwa nawa ce za ta iya haka a tsakiyar damina? Hikimar ledar nan ita ce kusan babu ruwa a cikinta. Ba a dafa ta, ba a dama ta, ba ta buƙatar firij, takan kai shekara biyu ba ta lalace ba in ba a buɗe ba. Wannan ne ya fitar da jinyar tamowa daga gadon asibiti ya kai ta ɗakin uwa.

A ƙasar Hausa ma aka fara ganin ƙarfinta sosai. A yunwar 2005 a Nijar, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da dubu 60 magani, galibinsu a yankin Maraɗi, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari sun warke, akasarinsu a gida. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta WFP suka amince a hukumance da wannan tsari na jinya a cikin al'umma. Yau ana sarrafa ta a Yamai, ana kuma yin ta a Kano, garin da aka sani da dalar gyaɗa.

Ba kowane ramammen yaro muke ba wa ba, kuma a nan ne mutane ke yawan jin haushinmu. Akwai tef mai launi uku da muke ɗaura wa yaro a damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, daga ɗan wata shida zuwa shekara biyar. In ya nuna kore, lafiya lau. In ya nuna ruwan ɗorawa, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, yaron na kan hanya, sai a tashi tsaye. In ya shiga ja, ƙasa da 11.5, to wannan namu ne. Sai kuma mu danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. In muka ɗaga, ramin ya tsaya bai ciko ba, kumburin tamowa ne, ko da kuwa kumatunsa sun cika har kakarsa na yaba ƙibar. Kumburarrun nan su suka fi ba ni tsoro, domin gida ba a ganin haɗarinsu da wuri.

Gwajin da na fi so a aikin gaba ɗaya shi ne gwajin ci. Mukan kai uwa da ɗanta wani gefe inda babu hayaniya, ta wanke hannunta da sabulu, ta wanke nasa, ta zaunar da shi a cinya. Sai in murza ledar tsakanin tafin hannuna har ta yi laushi, saboda zafin ƙasarmu yakan sa man ya taso sama, sannan in yage ƙusurwa guda in miƙa mata. Ba a tura wa yaro, ba a ɗura masa. Za ki ga ya kalli abin, ya kawar da kai, uwar ta lakato da yatsa ta shafa masa a leɓe. Sai ya lashe. Sai ya yi shiru. Can sai ya kamo hannunta da 'yan yatsun nan nasa marasa nama ya jawo ledar zuwa bakinsa. Duk lokacin da na ga haka, wallahi sai na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, domin yaron da ya ci zai koma gida yau. Wanda ya ƙi ci, ko yake da zazzaɓi mai zafi, ko amai, ko numfashi sama-sama, ko kumburi har fuska, ba aikin leda ba ne. Asibiti za a kwantar da shi a fara da madarar jinya mai sauƙi ta F-75 a hankali, don cikinsa ba zai ɗauki abu mai nauyi ba tukuna.

Wanda ya ci, sai a auna nauyinsa a ƙidaya masa rabon mako. Yaro mai kilo bakwai yakan samu leda biyu zuwa uku a rana. A haɗa masa da maganin ƙwayoyin cuta, yawanci amoksisilin, a duba shi ko akwai zazzaɓin cizon sauro, a dubi katin rigakafinsa. Katan guda na ɗauke da leda 150, kuma kusan shi ke warkar da yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas. Canjin kuwa ba a sikeli yake fara bayyana ba. A ido yake farawa. Yaron da aka kawo yana kallon wuri guda, ko kuka ba ya iya yi da ƙarfi, mako biyu sai ki same shi yana jan ɗankwalin uwarsa yana neman ƙwace mini biro. Ƙa'idar aikin agaji ta ce a warkar da sama da kashi 75 cikin ɗari na yaran da aka ɗauka, kuma duk inda kaya ba su yanke ba, iyaye mata na dawowa a kan lokaci, ana wuce wannan mizani ba tare da wahala ba.

Zaƙinta da maiƙonta na sa ƙishirwa sosai, don haka dole a riƙa ba yaro ruwa mai tsafta yana ci yana sha. A ƙauyen da ruwansu na tafki ne, wannan shawara mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar cikawa, kuma gudawa ɗaya na iya mayar da aikin mako biyu baya. Ba a kuma ba jaririn da bai kai wata shida ba. Wanda ke kan nono, nonon za a fara ba shi kafin ledar.

Babbar matsalar da nake fama da ita ba daga ledar take ba. Daga daɗinta take, da kuma yunwar gidan da take shiga. Muna cewa iyaye mata su dawo mana da ledojin da aka cinye don mu ƙidaya. Wata rana wata baiwar Allah ta dawo da nata cif, babu wadda ta ɓata, amma ɗanta bai ƙara ko kaɗan ba. Na ja ta gefe na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, shi kaɗai ke ci?" Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce, "Malama, yayyensa uku na zaune suna kallonsa, tun jiya da rana ba su sa komai a ciki ba. Ke za ki iya?" Ban yi mata faɗa ba, kuma ba na yarda ma'aikatan da ke ƙarƙashina su yi wa irinta tsawa. Abin da na gaya mata shi ne abin da nake gaya wa kowa: wannan magani ne, an auna shi ne daidai jikin wannan yaron, kuma yayyensa za su iya jure yunwar kwana biyu, shi ba zai iya ba. Ta riƙa ba shi lokacin da suka fita wasa ko suka tafi makarantar allo. Muka kuma sa sunan gidanta cikin waɗanda za a duba don tallafin abinci. Na yi imani duk shirin da ya raba ledar nan bai tanadi ko mudun hatsi ga sauran gidan ba, ya bar uwa da zaɓin da bai kamata a ɗora wa kowace uwa ba.

Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai sayarwa. An rubuta a jikin kayan agaji cewa ba na sayarwa ba ne, amma ana ganin ledar a kan tire a tasha da cikin kasuwa, kusa da alewa da biskit. Manya na saye su shafa a burodi, matasa su tsotsa, wasu mata su sha don neman cika. Wasu ledojin daga iyayen da talauci ya matsa wa suke fitowa, wasu kuma katan-katan suke fita ta hannun waɗanda aka ba amana. Duk wanda ya saya ya sani cewa an lissafa kowace leda da sunan wani yaro. Kuma ta kasuwa ba ka san ko rana ta daɗe tana dukanta ba, ko ta huje, ko wa'adinta ya wuce.

Sai tsada. Garin madara ne ya fi cin kuɗi a haɗin, sannan gyaɗar ma sai an tantance ta sosai saboda gubar aflatoksin da ke fitowa daga gyaɗar da ta yi fumfuna, shi ya sa ba abu ne da za a markaɗa a gida a ce an yi irinsa ba. UNICEF ce ke sayen kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na duk wanda ake yi a duniya. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ta yi gargaɗin farashin zai iya tashi da kashi 16 cikin ɗari, sannan a 2025 Amurka ta zaftare tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje. Mu a ƙasa yadda muke jin waɗannan labarai shi ne sito ya yi fayau. Babu abin da ya fi mini ciwo irin uwa ta taso tun asuba, ta biya kuɗin babur ko ta tako da ƙafa ta hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, a ce mata kaya ba su iso ba, ta dawo mako mai zuwa. Da yawa ba sa dawowa. Abin takaicin kuma, yankewar ta fi zuwa tsakanin Yuni da Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, layinmu ya fi tsawo. A ganina lokaci ya yi da gwamnatocin jihohinmu za su riƙa sa kuɗinta a kasafi su kuma saki kuɗin a kan kari, tunda ga masana'anta a gida.

Akwai kuma abin da ledar ba ta yi. Tana tayar da yaro, ba ta hana shi sake faɗuwa. Na sallami yara da tef ɗinsu a kore, bayan wata huɗu na sake ganinsu a ja, saboda sun koma kan koko tsura safe da yamma, ko an yaye su babu shiri saboda kwanika, ko ƙyanda ta kama su. Don haka ranar sallama nakan fi daɗewa da uwa fiye da ranar ɗauka. Mukan yi maganar garin Tom Brown, na gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, wanda za ta soya ta niƙa da kanta. Mukan yi maganar zuba garin ƙuli-ƙuli ko cokalin manja a kunu, da ganyen zogale, da wake, da ƙwai in kaza ta yi, maimakon a kai shi kasuwa duka. In kakar yaron ta zo, ita nake fara gaisarwa, in ce, "Iya, ke ce babba a gidan nan, a hannunki na bar shi." Magana ta fi zama in ta fito daga bakinta.

Ga yaron da tef ya nuna ja kuma yana iya ci, ban san wani abu da ya kai ledar nan ba, kuma zan ba ɗan cikina ita ba tare da ɗar ba. Ga yaro lafiyayye ko babba, ba tasu ba ce. Wadda ta ga ɗanta na ramewa, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa sun kumbura, kada ta nufi kasuwa. Ta kai shi cibiyar lafiya mafi kusa ta tambayi ranar da ake duba masu tamowa. Awon kyauta ne, ledar ma kyauta ce. In akwai halin samun tef ɗin, ta roƙi ma'aikaciya ta koya mata ɗaurawa, a wurare da dama yanzu ana ba iyaye mata su tafi da shi gida, su riƙa auna 'ya'yansu da na maƙwabta.