Wasiƙa daga Bradford: kaya sun wadata, hannu ne ya yi kaɗan

Yaya, barka da war haka. A gaida Inna da yara, a ce mata sanyin bai kashe ni ba tukuna.

Kin tambaya ko da gaske asibiti kyauta ne a Ingila. Da gaske ne. Tun 1948 da aka kafa hukumar lafiyarsu, NHS, ba a yankar kati da kuɗi, ba a ajiye kuɗin gado, haraji ke ɗaukar nauyin komai. Sai dai ana biyan kuɗin magani in likita ya rubuta, fam 9.90 kowane ɗaya, yara da tsofaffi da masu ciki kuma ba sa biya. Ranar farko da aka nuna mini ɗakin ajiyar kaya sai da na yi turus: safar hannu kwali-kwali, sirinji, ledar ƙarin ruwa har sama. Na tuna yadda muke rubuta wa ɗan'uwan majinyaci 'yar takarda da tsakar dare ya ruga neman kemis ɗin da bai rufe ba.

To amma ganin likitan shi ne aiki. Ƙarfe 8 na safe za ki kama waya ki shiga layi, kafin a zo kanki a ce gurbin yau ya cika. A 2023 jerin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7 da rabi. Mai ciwon gwiwa sai ya shekara yana jiran tiyata. Kemis kuwa ba zai sayar miki da amoksisilin ba sai da takardar likita, ko da kuka za ki yi. Wannan kam na yaba musu. Farasitamol ma kwali biyu kacal kanti ke ba mutum.

Abin da har yanzu bai zauna mini ba shi ne babu mai jinya. A gida kin san yadda baranda ke cika da tabarmi da kuloli, 'ya ko ƙanwa ce ke wanka, ta ba da kunu, ta juya mara lafiya. A nan duk mu ma'aikatan jinya ne ke yi. Akwai wata tsohuwa da na yi jinya mako uku, ɗanta sau biyu ya leƙo da furanni a hannu. In na zo gyara mata filo sai ta riƙe mini yatsu ta ƙi saki, ni kuwa ƙararrawa uku na kirana. Awa 12 a tsaye, ƙafa ta kumbura.

A ɓangarenmu da dare, in kika duba, daga 'yar Kerala ta Indiya sai 'yar Filifin sai 'yar Zimbabwe sai ni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen giɓin ma'aikatan lafiya zai kai wajen miliyan 10 nan da 2030, kuma ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 da bai kamata a je ɗibar ma'aikata ba. Sai dai ba a hana mutum ya nemi aiki da kansa ba, ta nan muka bi. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun fice cikin 'yan shekaru. In na ji irin wannan, ɗakin haihuwarmu nake tunawa, da wadda na bar wa aikin dare ita kaɗai.

Batun albashi, kada 'yan gida su riƙa buga shi da naira. Haraji da fansho su gutsura, haya ta kwashi kusan rabin saura, ga kuɗin ɗumama ɗaki. Naman halal akwai shi a shagunan Fakistanawa, attaruhu kuma kamar zinariya ake auna shi.

Ki faɗa wa ƙanwar mijinki, in aikin jinya take son zuwa yi a nan, ta fara da jarrabawar Turanci, IELTS ko OET, sannan ta ilimin jinya da ake yi a kwamfuta. Ta gwajin aiki, OSCE, a nan ake yinta. Kada ta ba kowane dillali ko sisi.

Na'urar awon hawan jinin Inna na hannun mai zuwa Kano ƙarshen wata. In zai dawo, ki haɗo ni da kuka da daddawa, a ɗaure su sosai.