Na'urar raba mai da iska ko kwalbar tare mai: wadda ta fi dacewa da tankin jirginka

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsakanin abubuwa biyun da ka tambaya a kansu don hana fetur tsartuwa ta kafar iskar tanki, wato na'urar raba mai da iska da ake ɗaurawa a tiyon numfashi, da kwalbar da ake mannawa a gefen jirgin ruwa don ta tare man da ya fito, na'urar za ka saya. Na yi amfani da duka biyun a jirgina da ke Tafkin Jabi, wanda tankinsa na cikin jiki ne mai cin lita 120 kamar naka, kuma ɗaya ce kawai na yi nadamar kuɗin da na kashe a kanta.

Tankin irin namu baki biyu gare shi. Akwai babban da ake zuba mai, wanda tiyonsa yawanci milimita 38 ne, da ƙaramin da iska ke fita, mai milimita 16, wanda ke ɓullowa a gefen jirgi sama da ruwa. Duk litar man da ta shiga sai iska mai yawanta ta fita, idan kuwa tanki ya kusa cika, ko mai ya yi kumfa saboda an tuttula shi da gaggawa, sai ya bi iskar nan ya yi waje. Abin da ya sa matsalar ta fi tsanani a jirgi fiye da mota shi ne jirgi ba ya tsayuwa daidai. Mutum biyu su koma gefe ɗaya, ko igiyar ruwan wani jirgi ta ɗaga hancinsa, sai mai ya rufe bakin tiyon tun tankin bai cika ba.

Na'urar da nake da ita ta kamfanin Racor ce, wadda suke kira Lifeguard. Wani ɗan kurtu ne da ake yanke tiyon numfashi a sa shi a tsakiya, a tsaye, sama da rufin tanki. Idan mai ya taso da ƙarfi sai ya daki abin da ke karkatar da shi a ciki, kumfar ta mutu, man ya gangara ya koma tanki, iska kuma ta wuce abinta. Akwai wata ƙwallo a ciki da ke tasowa ta toshe hanya idan man ya yi yawa.

Ranar da muka fara gwada ta ba zan manta ba. Watan Maris ne, da sassafe, ni da babban ɗana, yana riƙe da mazurari ina karkata jarka. Na ɗaura farin tsumma a ƙarƙashin kafar iskar don in ga gaskiyar abin da idona. Da muka kai ƙarshen jarka ta huɗu sai wani jirgin yawon shaƙatawa ya gifta da gudu, namu ya yi tangal-tangal, na ji ƙarar ɓulɓul a cikin tiyo, irin wadda a da take nufin mai ya riga ya zuba. Na leƙa na taɓa tsumman, a bushe yake, ko warin fetur bai kama ba. Akwai wani dattijo masunci da ya saba janye kwalekwalensa nesa da zarar ya hango jarkokinmu, don ya sha ganin shimfiɗar mai launin bakan gizo tana bin ruwa zuwa inda ragarsa take. Ban taɓa jin daɗin hakan ba, domin ni shaƙatawa ta kawo ni, shi kuwa abincin iyalinsa yake nema a wannan ruwan. Bayan makonni kaɗan ya daina matsawa, yanzu har gaisawa muke yi ina zuba mai yana gyaran raga.

Kwalbar kuwa, robobi biyu ne ke riƙe ta a jikin jirgi kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. Ba zan hana ta haƙƙinta ba, tana da araha kuma ba ta bukatar makaniki, amma tawa ta saki jikin jirgin ta faɗa ruwa da man da ta tara, don ƙurar hunturu ta hana robobin kamawa.

Sai dai kada ka ɗauka na'urar ta ba ka damar cika tanki har wuya. Mu da jarka muke zubawa, babu bakin famfon gidan mai da zai tsaya da kansa, saboda haka idan ƙwallon ya toshe hanyar iska, man ta wajen mazurari zai dawo maka. Sannan fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na ma'aunin Celsius. Tankin da aka cika maƙil da sanyin safiya, kafin azahar ta Abuja a watan Maris ko Afrilu ya ƙaru da fiye da lita guda, kuma dole ta nemi mafita ko kana nan ko ba ka nan. Ka bar kashi 10 cikin 100 fili. A tankinka, idan ya ƙare ƙarƙaf, jarka huɗu masu lita 25 da 'yar ƙari kaɗan sun isa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma, ba na jin akwai wanda zai so ya ga litarsa tana yawo a kan ruwa.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da masu sayar da kaya. Da ka ce na'urar raba mai, wasu za su miƙo maka matatar da ke raba mai da ruwa, wadda ake sawa tsakanin tanki da inji. Abu ne mai amfani a wurinsa, amma ba shi da alaƙa da numfashin tanki, kuma da yawansu sun san haka. Mafi haɗari su ne masu cewa ka sa bawul mai hanya ɗaya a tiyon, wai ya fi sauƙin kuɗi. Idan ya hana iska fita, man zai yi maka aman fuska lokacin zubawa. Idan ya hana ta shiga, inji zai ja mai har ya shaƙe ya mutu a tsakiyar tafki. Ni an taɓa haɗa mini da tiyon ruwa na lambu a matsayin na mai, cikin 'yan watanni ya yi tauri ya tsage a cikin jirgi, inda tururin fetur ke taruwa a ƙasa saboda ya fi iska nauyi. Tiyon mai na gaskiya yana da rubutu a jikinsa, ka nemi alamar SAE J1527, idan babu ka ajiye musu kayansu. Ka kuma tabbatar samfurin da aka ba ka an yi shi don fetur.

Wurin ɗaurawa, ka tsaya a kan makanikin har ya gama. Na'urar ta tsaya cak, kada ta kwanta, tiyon kuma ya gangaro zuwa tanki ba tare da lanƙwasar da mai zai kwanta a ciki ba, domin man da ya taru a lanƙwasa shi iska ke fara turowa waje a zubi na gaba. Ka kuma zura siririyar waya a kafar iskar ta waje, don zanzaro na son yin ɗakinsa a nan. Idan duk da haka wani abu ya zuba, kada ka bari yara su watsa garin sabulu a kai, ɓoye man kawai yake yi ya nutsar da shi inda kifi yake. Tsumma mai tsotsa za a shimfiɗa a kwashe.

Kafin ka biya kuɗi, ka auna faɗin tiyonka da tazarar da ke tsakanin rufin tanki da kafar iskar, don wasu jiragen ba su da tsayin da zai ɗauki babbar na'ura. Ina bakin tafkin ranar Asabar bayan sallar la'asar in Allah ya yarda, ka zo da awon, in buɗe maka tawa ka ga yadda aka ɗaura ta.