Tamin mai babbar shabaka ko mai ƙarama, ga wanda aiki ya kai Arar

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki. Tsakanin tamin biyun nan, wato inshorar lafiya, da kamfani ya ce ka zaɓa kafin ka tashi zuwa Arar can arewacin Saudiyya da iyali, mai babbar shabaka da mai ƙarama (shabaka ita ce jerin asibitoci da wuraren magani da ke karɓar tamin ɗin), ni dai ka ɗauki mai ƙaramar, in dai ka buɗe jerin ka ga wuraren Arar da na Sakaka, garin da ke yankin maƙwabta, a ciki da idonka. Ba sai na yi ta kwana-kwana ba.

Kai ka saba da Jidda inda duk kwanar da ka sha akwai mustausaf, wato ƙaramin asibiti, shi yasa yawan adadin wuraren da ke jerin yake burge ka. Hudud Shamaliyya, yankin iyakar arewa da Arar ke ciki, ba haka take ba. A ƙidayar 2022 duk yankin bai kai mutum dubu 400 ba, alhali yankin Riyad ya haura miliyan 8, kuma mutanen ba a dunƙule suke ba, garuruwa ne a jere kan tsohuwar hanyar bututun mai ta Tapline, Rafha can gabas, Arar a tsakiya, Turaif can wajen iyakar Jodan, tsakanin kowanne da ɗan uwansa sama da kilomita 200 na sahara, ba abinda za ka gani sai tireloli da raƙuma. To mai zuba kuɗi ya gina babban asibiti inda mutane suke yake bi. Asibitocin Sulaiman Al Habib za ka same su a su Riyad, Ƙasim, Khobar da Jidda. Mouwasat ƙarfinsu a Sharƙiyya, yankin gabas, yake, sai Riyad da Madina. Saudi German suna da reshe a Ha'il, amma daga Arar zuwa Ha'il ai tafiya ce ta awanni ba wurin da za ka ruga da yaro mai zazzaɓi cikin dare ba. Don haka in aka nuna maka takarda cike da manyan sunaye kada ranka ya biya, ba a garinka suke ba.

Kuma wannan adadi da suke bugawa da manyan haruffa a gaban takarda, ka san yadda ake ƙirga shi? Kowane reshen saidaliyya, wato kantin magani, ɗaya ne, kowane shagon tabarau ɗaya ne, ɗakin haƙori ɗaya, wurin awon jini ɗaya. Kamfanin magani guda mai rassa ɗaruruwa shi kaɗai ya isa ya kumbura jerin. In ka tace ka bar asibitin da ke kwantar da mutum, sannan ka sake tacewa ka bar na yankinka, sai ka ga abinda ya rage yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirgawa.

Mai ƙaramar shabakar ita muka riƙe lokacin da nake aiki a can, kuma gaskiya ta yi mana rana. Sanyin Arar ba wasa bane, ruwa yana ƙanƙara a waje da asuba, kuma ƙaramar ɗiyata tana da asma. Wani dare numfashinta ya sarƙe, sai wannan ƙarar kamar usur a ƙirji, uwarta ta naɗe ta da bargo muka fita ko takalmin kirki ban sa ba. Mustausaf ɗin da ke jerinmu bai fi minti kaɗan daga gida ba, mai karɓar baƙi wani ɗan Sudan ne, ya amshi iƙama, katin izinin zama, ya danna lamba ya ce tamin yana aiki, kafin in gama sa hannu har an ɗora mata abin shaƙa. Ɗan kason da ake biya na gani likita kawai na bayar, maganin ma a saidaliyyar da ke jikin ginin muka karɓa. Daga baya da likita ya ce sai an ga ƙwararren ƙirji, mutanen mustausaf ɗin da kansu suka tura neman muwafaƙa, wato amincewar kamfanin tamin, muka je Sakaka muka dawo a yini ɗaya tunda tafiyar kusan awa biyu ce. Har yanzu maman yara in an yi zancen Arar sai ta sa wa mutanen wurin nan albarka.

Babbar kuwa, ita wani kamfani ya taɓa yi mana kafin nan, katin yana da kyau, a Riyad zai yi maka aiki, a can arewa mu dai saidaliyya kawai muka more da shi.

Amma fa kada ka ɗauka ina nufin duk ƙaramar shabaka alheri ce. Sunan kamfani ba shi ne magana ba, Bupa Arabia da Tawuniya su ne manya a ƙasar nan kowa ya sani, amma ko a cikin kamfani ɗaya akwai daraja daraja, VIP, A, B, C, kuma jerin mai C daban da na mai A. Don haka ka ce ma mai kula da ma'aikata ya ba ka jerin darajar da za a sa ka a ciki takamaimai, ba na kamfanin gaba ɗaya ba. Ka nemi garuruwa uku: Arar, Sakaka, in kuma akwai yiwuwar su tura ka wajen Wa'ad Shamal inda ake aikin fosfat to ka duba Ƙurayyat ma, don daga Turaif ta fi Arar kusa. Sannan ka tambaya yaya suke yi da asibitin gwamnati, domin a can in abu ya yi tsanani shi ne madogara, kamar asibitin Amir Abdul'aziz bin Musa'id da ke Arar. Tunda ka ce madam za ta biyo ka, ka tabbatar akwai wurin awon ciki da haihuwa a jerin, kada sai wata tara ya cika a fara neman inda za a je. Lambar Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, 997 ce, ta ma'aikatar lafiya 937, ka ajiye su a wayarta ita ma.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Ka yi hattara da masu tallan tamin a WhatsApp da wasu ofisoshin hidima da ke cewa kawo kuɗi kaɗan mu yi maka na iyali yau yau. Da yawa tamin sabunta iƙama kawai suke sayarwa, zai fito a sistem iƙama ta wuce, ranar da ka je asibiti a ce maka ba ka cikin shabakarsu ko an soke shi tuni, mai sayarwa kuma ya kashe waya. Wasu ma 'yan uwanmu ne masu jin Hausa, da sallama da rantsuwa za su zo maka. A doka tamin ɗinka da na matarka da yara yana wuyan mai aikin da kake wa aiki ne, kada wani ya ce ka biya ta bayan fage. Duk wanda aka yi maka, shiga shafin Majlis Daman Sihhi, hukumar tamin lafiya ta gwamnati, ka sa lambar iƙama, zai nuna maka kamfanin da ranar ƙarewa, sannan ka ɗaga waya ka kira mustausaf ɗin Arar ɗin da kanka ka faɗa musu kamfani da daraja ka ji ko suna karɓa, don jerin da ke hannun ofis wani lokaci na bara ne.

In sun ce suna karɓa, sa hannu a kan ƙaramar kawai. Kuma ku sayi hita da barguna masu kauri tun daga Jidda kafin ku taho.