Wasannin tebur da suka karɓu a gidanmu, da wanda muka jingine

Abu ɗaya nake dubawa kafin in yaba wa wasan tebur: idan aka tashi, wanda aka cinye yana cewa a sake, ko kuwa ɓata rai yake ya kama gabansa? Kyan kwali da yawan kayan ciki duk ba su dame ni ba. Kuma tun da za a ambaci karta, bari in faɗa tun yanzu, babu caca a ko ɗaya daga cikin waɗannan, maki kawai ake ƙirgawa.

Da wannan ma'auni Monopoly ya faɗi a wurina. Kowa ya san shi, a 1935 kamfanin Parker Brothers ya fara sayar da shi, kuma tushensa wani wasa ne da Lizzie Magie ta yi wa rajista a 1904 don ta nuna yadda masu filaye ke tatse 'yan haya. To lallai ya nuna. Wanda ya fara karyewa fita yake gaba ɗaya, ya koma ɗan kallo, sauran su ci gaba da zagaya allo alhali kowa ya riga ya san mai nasara. Wani ɓangare na laifin namu ne masu wasan. A dokarsa, idan ka sauka a fili ka ƙi saye, banki gwanjonsa yake yi nan take, amma gidaje da yawa ba sa bin wannan. Haka kuɗin da ake tarawa a tsakiya a bai wa wanda ya sauka a gidan ajiye mota, babu shi a doka, kuma shi ke farfaɗo da wanda ya kusa karyewa, wasa ya yi ta ja. Da an bi dokar yana raguwa sosai. Duk da haka ba shi zan fara miƙa wa iyali ba.

Uno kuwa ba ya buƙatar talla. Wani mai aski a jihar Ohio ta Amurka, Merle Robbins, ya ƙirƙiro shi a 1971. Kati 108 ne a asalinsa, a raba wa kowa bakwai, a yi ta dacen launi ko lamba har wani ya ƙarar da na hannunsa. Yaron da ya san launuka da ƙirge ya isa shiga, kaka ma haka. Aibinsa musu. A daidaita kan doka kafin a raba kati, musamman batun ɗora katin ɗaukar biyu a kan wani don a tura wa na gaba huɗu. Dokar kamfanin ba ta yarda da hakan ba, amma mu mun fi son sa da ɗorawar, don nan ihun yake. Wata dokar da ba kowa ya sani ba: katin ɗaukar huɗu ba a jefa shi sai in ba ka da launin da ke ƙasa, kuma wanda aka jefa wa yana da ikon cewa a nuna masa hannu.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Ticket to Ride, na Alan Moon, wanda ya fito a 2004 kuma a shekarar ya ci Spiel des Jahres, kyautar da ake bai wa gwarzon wasan shekara a Jamus. Allon taswirar Amurka ce da kudancin Kanada, garuruwa haɗe da layin dogo kala-kala. Kowa yana da taragu 45 na roba da tikitin sirri da ke cewa ya haɗa gari kaza da gari kaza. In layi ya zo kanka, ɗayan uku za ka yi: ka ɗauki kati, ka shimfiɗa taragu a wata hanya, ko ka ƙaro tikiti. Dokar ke nan kusan duka, kafin a gama jera kaya an koya wa baƙo.

Daɗin yana cikin ɓoye niyya. Tikitin Seattle zuwa New York maki 22 ne in ka kammala, in ka kasa kuma 22 ɗin za a cire maka, yayin da na Denver zuwa El Paso 4 ne kacal. Saboda haka kwaɗayi da tsoro suke ta kokawa a zuciyar mutum. Ƙanwata ta ƙware da wani mugun salo. Sai ta yi shiru tana tara kati kamar ba ta cikin wasan, tana lura da inda idon kowa ke yawan komawa a taswira. Akwai 'yar gajeriyar hanya tsakanin Houston da New Orleans, tarago biyu ce kuma layi ɗaya tak. Ranar da yayanmu ya baza taragu tun daga Los Angeles yana nufin Miami, sai ta ajiye kati biyu ta toshe ta, ba ta ko ɗaga kai ba. "Haba auta, me na yi miki?" in ji shi. Ta ce, "Yi haƙuri Yaya, hanya ce na gani babu kowa." Dole ya zaga ta arewa, taragunsa suka kusa ƙarewa. Amma bai fita daga wasan ba, kuma nan ne bambancin: ba a san mai nasara sai an buɗe tikiti a ƙarshe, an ƙara maki 10 na wanda ya fi doguwar hanya. Mutum biyu zuwa biyar ke yi, ba ya cika wuce awa ɗaya. Ƙorafina kawai, ɗan taragon nan in ya faɗi ƙasa sai an sha nema, kuma ba na gida mai rarrafe ba ne.

Catan ya fi shi nauyi. Klaus Teuber, Bajamushe mai sana'ar haɗa haƙoran roba, ya fitar da shi a 1995. Tsibiri ne da ake haɗawa da gutsattsari 19 masu kusurwa shida, ɗaya hamada ce, sauran kowane da lamba, suna ba da katako, tubali, alkama, tumaki ko tama. A jefa dayis biyu, duk mai ƙauye a gefen lambar da ta fito ya kwashi amfani, ko da ba layinsa ba ne, don haka babu mai gyangyaɗi. Hanya tana cin katako da tubali, birni alkama biyu da tama uku, wanda ya fara kai maki 10 ya ci. Ciniki ne ransa. Za ka ji babban mutum yana magiya a karɓi tumaki biyu a ba shi tubali ɗaya, ana ja masa rai. In kowa ya ƙi, banki na karɓar huɗu ya ba da ɗaya.

Sai dai Catan ba ya yafe kuskuren farko. Lamba 6 da 8, waɗanda aka rubuta da ja, kowace tana da hanya biyar ta fitowa cikin 36, ita kuwa 2 ko 12 hanya ɗaya ce. Sabon shiga da ya kafa ƙauyukansa a gefen 2 da 12 zai yi zaman jiran gawon shanu. Adalci shi ne a nuna masa inda zai kafa a wasansa na farko. Ga kuma ɓarawo, wani ɗan wasa da ke hana gutsuren da yake kai ba da amfani, da ke motsi duk lokacin da 7 ta fito, wanda in an cika ɗora wa mutum ɗaya sai zumunci ya fara tsami. Na abokai ne da matasa, mutum uku ko huɗu, ba na ƙananan yara ba.

In taron ya haɗa manya da yara da waɗanda ba sa son lissafi, Dixit nake ɗaukowa. Kati 84 ne manya, zane zalla, babu rubutu ko ɗaya, saboda haka da kowane harshe ana yin sa. Mai layi ya zaɓi katinsa a ɓoye ya faɗi wata kalma ko jimla, sauran kowa ya miƙo nasa da ya yi kama da ita, a gauraya, a baje, a canki na mai layin. In kowa ya gano, ko babu wanda ya gano, bai ci komai ba. Dole maganarsa ta zama tsaka-tsaki, kuma mai iya karin magana da habaici nan yake baje kolinsa. Mahaifiyarmu, wadda ba ta taɓa yarda ta riƙe katin Uno ba, ita ke lallasa mu a wannan. Matsalarsa ɗaya: in an daɗe ana yi, ana haddace zanen, sai an ƙaro wasu katunan.

Dobble na 'yan mintuna ne: kati 55, kowane da alama takwas, kuma duk biyun da ka ɗauka alama ɗaya tak suka haɗa. Saurin ido ne kawai, yara sun fi manya, kuma sun sani.

Akwai Pandemic na Matt Leacock, 2008, ga gidan da gasa ke jawo rigima. Kowa ɓangare ɗaya yake, ana haɗa kai a samo maganin cututtuka huɗu kafin su mamaye garuruwa 48 na taswirar duniya, a ci tare ko a faɗi tare. Ina son sa, da sharaɗi. In akwai mai baki a teburin, shi zai riƙa tsara wa kowa abin da zai yi, sauran su zama masu tura masa 'ya'yan wasa. Dokar da muka kafa ita ce mai layi ne ke fara faɗin shirinsa, kuma ba a ba shi shawara sai ya nema.