Stockholm ko Karlskrona: ina ya dace jiragen yaƙin Suwidin su zauna?

Tambayar da ta sha wa Sarkin Suwidin Karl na 11 kai ke nan bayan yaƙin da ya yi da Denmak daga 1675 zuwa 1679.

Stockholm na da abin tinƙaho. Nan fadar take, nan maƙera da kafintoci suke, ga dubban tsibirai da suka kare ta daga maƙiyi. Amma tsibiran nan su ne kuma ƙaya: jirgin da iska ke turawa sai ya daɗe yana lalube a lunguna kafin ya fita sarari. Ga ƙanƙara, wadda kan daskarar da mashigin har bazara ta shigo. Kafin ta narke, jiragen Denmak sun riga sun mamaye tekun Baltik.

Karlskrona kuwa, da aka kafa a 1680 kan tsibirin Trossö, kusan daga babu aka fara ta. Lardin Blekinge ma, inda take, sai a 1658 ya bar hannun Denmak. Sai dai tana can kudu, ruwanta na saurin narkewa, tana kusa da abokan gaba da yankunan Suwidin na arewacin Jamus. Mashiginta ƙunci gare shi, ganuwar Kungsholmen da ta Drottningskär suka tsare shi dama da hagu.

A ganina sarkin ya yi dabara da ya zaɓi Karlskrona, ko da aikin ya ci dukiya. A tsibirin Lindholmen da ke Karlskrona har yau ga doguwar rumfar katako mai kusan mita 300 inda a da ake tufka igiyoyin jirgi. UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1998.