Sayar da lantarki a kasuwar gwaji: abin da manhajar ta iya da inda ta gaza

Manhajar da aka haɗa mu da ita a kwas ɗin tattalin arzikin makamashi kwaikwayo ce kawai, kuɗin ciki na bogi ne, wutar ma haka. Amma an gina ta ne bisa tsarin kasuwannin Turai irin su Nord Pool da EPEX Spot, inda masu tashoshi ke miƙa tayi kafin ƙarfe 12 na rana, a yanke farashin wutar da za a sha washegari. Ni mai sayarwa aka naɗa ni, aka damƙa mini tashar iskar gas ɗaya da gonar sola.

Shafin cinikin bai da hayaniya. A hagu ga tashoshinka da abin da kowace ke ci kafin ta samar da megawat ɗaya na awa guda. A tsakiya ga akwatin tayi: nawa za ka sayar, a kan nawa. A dama hasashen yanayi ne da na buƙatar masu saye. Can sama agogo na ta cin lokaci, kuma ba ya jiran kowa.

Inda manhajar ta burge ni shi ne bayan an rufe tayi. Sai ta fito da zane mai hawa-hawa, ta jera kowa daga mai araha zuwa mai tsada: sola da iska a ƙasa, sai nukiliya, kwal da gas a sama. Layin buƙata ya sauko ya yanke jerin. Duk wanda ke ƙasa da layin ya ci kasuwa, kuma kowa farashin tayin ƙarshe da aka karɓa za a biya shi, ba abin da ya rubuta ba. Wato solata da na saka a sifili, kuɗin gas take karɓa. Na sha karanta wannan a takarda, amma sai da na ga ribar ta shigo asusuna na fahimci abin da ya faru a Turai a 2022. Gas ya yi tashin gwauron zabi bayan Rasha ta mamaye Yukren, masu iska da nukiliya suka kwashi garaɓasa ba tare da kuɗin aikinsu ya ƙaru ba, har Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa abin da za su karɓa kada ya wuce Yuro 180 a kan megawat ɗaya na awa.

Ta kuma nuna mana halin ɗan Adam. A wani zagaye da iska ta kwanta, wata ƙungiyar ɗalibai da ke da manyan tashoshi biyu ta janye ɗaya wai tana gyara. Farashi ya yi sama, ɗayar da suka bari ta kawo musu fiye da abin da biyun za su kawo. Ba shi da maraba da mai ɓoye masara a sito har ta yi tsada. Irin wannan wasan aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2000 da 2001, lokacin badaƙalar kamfanin makamashi na Enron. Sai dai manhajar ba ta da hukuma mai sa ido, don haka waɗanda suka yi ɓoyon su ne suka zo na ɗaya a teburin maki. Wannan bai kwanta mini ba.

Ta fuskar aiki, akwai gajiyarwa. Tayin awa 24 sai ka buga shi ɗaya bayan ɗaya, babu damar kwafa. In intanet ya ɗan yi gardama, shafin ya sabunta kansa ya share komai. A waya kuwa maɓallin aikawa yana ɓuya ƙarƙashin allon rubutu, ga agogo na tafiya.

Babban giɓin shi ne duniyar cikinta ta cika daɗi. Tashar gas tana kunnuwa ta mutu kyauta, alhali tayar da injin kuɗi ne da lokaci. Layukan dakon wuta ba sa cika, gas ba ya yankewa, kuma duk wanda ya saya yana biya nan take. Wanda ya san yadda kamfanonin samar da wuta a Najeriya ke bin bashi tun bayan sayar da su ga 'yan kasuwa a 2013, ko yadda babban layin ƙasa ke durƙushewa, zai yi murmushi kawai.

Duk da haka ina ba ɗalibai shawarar su gwada, amma a kwamfuta, kuma da mutane. 'Yan kasuwar da manhajar ke sarrafawa da kanta kullum a kan kuɗin aikinsu suke tayi, ba sa dabara, nan da nan za ka haddace su. In malaminku zai yarda, ku roƙe shi ya saka tara ga duk wanda ya janye tasha ba dalili.